Wa ke da alhakin asibitin garinmu? Tambayoyi da amsoshi kan ma'aikata, kuɗi da shugabanci a harkar lafiya a Najeriya

Duk wanda ya taɓa kwana a barandar asibitin gwamnati yana jinyar ɗan'uwansa ya fito da tambayoyi a bakinsa. An tattaro nan waɗanda aka fi yawan yi, tare da amsoshinsu. An fi mai da hankali ga ƙananan asibitoci na unguwa da ƙauye, domin nan ne talaka ke fara zuwa, kuma nan ne aka fi yin sakaci.

Asibitin sha-ka-tafi na garinmu na wa ne: tarayya, jiha, ko ƙaramar hukuma?

A tsarin da aka shimfiɗa tun zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, an raba aikin gida uku. Gwamnatin tarayya ce ke da asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Jiha na da manyan asibitoci irin na Murtala a Kano. Matakin farko kuwa, wato awon ciki, riga-kafi, karɓar haihuwa, maganin zazzaɓi da gudawa, an bar wa ƙaramar hukuma.

A nan gizo yake saƙar. Aikin da ya fi kowane taɓa rayuwar jama'a an ɗora shi a kan matakin gwamnatin da ya fi kowane rauni, wanda kuɗinsa ma shekara da shekaru sai sun bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Sai ya zamana asibiti ɗaya yana da iyayen gida barkatai: ɗan majalisa ya gina shi a matsayin aikin mazaɓa, hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta turo ma'aikaci, ma'aikatar lafiya ta jiha ta ce ita ce mai sa ido, allurar riga-kafi ta zo daga Abuja, gidan sauro ya zo daga wata ƙungiyar waje. Ranar da rufin ɗakin haihuwa ya fara yoyo, kowa sai ya nuna wani.

Don a magance wannan ne Majalisar Ƙoli ta Lafiya ta ƙasa ta amince a 2011 da manufar tattara duk harkar matakin farko ƙarƙashin hukuma guda a kowace jiha. Jigawa ta riga sauran da tsarinta na Gunduma tun 2007. Yau jihohi sun kafa irin waɗannan hukumomi, amma kafa hukuma daban, miƙa mata ma'aikata da albashinsu daban. Sannan a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, abin da ya sake taso da tsohuwar tambayar wa zai biya albashin ma'aikacin asibitin ƙauye.

Ba mu da dokoki ne?

Muna da su, wasunsu ma masu kyau. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa. Dokar 2017 ta tilasta a yi wa wanda aka harba magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Har yau ana mayar da mutane daga bakin ƙofa, wani lokaci don ma'aikacin bai san dokar ba, wani lokaci don ya san babu wanda zai biya kuɗin maganin, kuma shi za a tuhuma. Doka ba ta zartar da kanta; sai an sa mata kuɗi, an kuma sa wani takamaimai da za a kama da laifi in ba a bi ta ba.

Mene ne wannan asusun da ake cewa BHCPF?

Asusu ne da dokar 2014 ta kafa, inda ta ce a riƙa ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kula da lafiya a matakin farko. Dokar ta raba shi haka: rabi ya tafi ga inshora don biya wa marasa ƙarfi, kashi 20 magani da allurai, kashi 15 gyaran gini da kayan aiki da sufuri, kashi 10 horar da ma'aikata, kashi 5 taimakon gaggawa. Sai da aka shekara huɗu kafin ya fara shiga kasafin kuɗi, a 2018, da naira biliyan 55.

Abin da ya bambanta shi da sauran shirye-shirye shi ne wani ɓangare na kuɗin yana shiga asusun banki na shi kansa asibitin, kuma shugaban kwamitin ci-gaban mazaɓa na cikin masu sa hannu kafin a cire. Wannan ba ƙaramin sauyi ba ne. A da, in fitila ta mutu a ɗakin haihuwa sai shugaban asibiti ya rubuta takarda zuwa sakatariya ya zauna jira. Matsalar ita ce an faro da kusan asibiti ɗaya a kowace mazaɓa, wajen 8,800, alhali ƙananan asibitocin ƙasar sun kai kimanin 30,000. A 2023 gwamnatin Tinubu ta ce za ta ninka adadin zuwa 17,600. Kuma darajar naira ta faɗi ƙwarai tun 2023, don haka abin da kuɗin ke iya saye a da ba ya iya saye yanzu.

To kuɗin ne ya yi kaɗan, ko sarrafa shi ne ba a iya ba?

Duka biyun, kuma wanda ya ce ɗaya ne kawai yana kare wani ne. A Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 na kasafinsu ga lafiya. Mai masaukin baƙin kanta ba ta taɓa kusantar wannan adadi ba a matakin tarayya. Yawanci tana tsakanin kashi 4 zuwa 6 ne. Sakamakon haka, fiye da kashi 70 na duk abin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata yake fitowa. Shi ya sa ciwon mutum ɗaya kan sa a sayar da akuya, a jinginar da gona.

Wasu jihohin Arewa, ciki har da Kano da Kaduna da Bauchi, sun sha rubuta kashi 15 ko fiye a takardar kasafi, kuma sun cancanci yabo. Amma abin da ya kamata a tambaya a ƙarshen shekara shi ne nawa aka saki. Daga abin da aka saki kuma, nawa ya tafi ga sabon gini da za a yanka zare a ɗauki hoto, nawa ya tafi ga albashin ungozomar da za ta kwana a cikinsa? 'Yan siyasa na son gini domin ana ganinsa daga bakin titi. Ɗaukar ma'aikaci nauyi ne na shekara 35 wanda ba a manna masa allon suna.

Da gaske ne likitocinmu guduwa suke yi?

Gaskiya ne. A 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar a 'yan shekarun da suka gabata, kuma waɗanda suka rage ba su wuce 55,000 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Suna tafiya Birtaniya, Amurka, Kanada, da Saudiyya, wadda ta fi jan hankalin likitocin Arewa. Ma'aikatan jinya da ungozomomi ma haka, har sun fi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashe 55 da ta ce ƙarancin ma'aikatansu ya yi tsanani, bai kamata a riƙa zuwa ɗibar su ba. Sai dai wannan bai hana mutum ya nemi aiki da kansa ya tafi ba.

Akwai wata hijirar da ba a cika maganarta ba, kuma ita ta fi cutar da mu: ta cikin gida. Likitan ƙauye yana neman komawa babban birnin jiha, na jiha yana neman komawa asibitin tarayya inda albashi ya fi, na tarayya yana neman biza. Duk gurbin da ya buɗe a sama daga ƙasa ake cike shi. Idan ƙwararre ya bar Legas zuwa Landan, ƙarshen sarƙar wani babban asibiti ne a karkarar Zamfara ko Yobe da ya rasa likitansa ɗaya tilo.

Me zai hana a hana su fita, tunda da kuɗin jama'a aka koyar da su?

An gwada. A 2023 wani ɗan majalisar wakilai daga Legas, Ganiyu Johnson, ya kawo ƙudurin a hana likita cikakken lasisi sai ya yi shekara biyar yana aiki a gida. Ƙudurin ya tsallake karatu na biyu, likitoci suka yi masa ca, bai zama doka ba. Ana iya fahimtar zafin da ya haifar da shi, amma likitan da aka ɗaure a wurin da babu wuta, babu safar hannu, albashi kuma ba ya kai shi ƙarshen wata, jikinsa ne kawai yake nan. Abin da ya halatta, kuma jihohi da dama suna yi, shi ne yarjejeniya tun farko: mun biya maka karatu, za ka yi mana aiki shekaru kaza. Ita ma tana da sharaɗi a kan gwamnati, wato in ya gama a ɗauke shi aiki a biya shi a kan lokaci.

A Agustan 2024 gwamnatin tarayya ta amince da manufa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya, wadda ta fi karkata ga rarrashi da kyautata yanayin aiki, ta kuma ce ta ƙara gurbin ɗalibai a makarantun lafiya daga 28,000 zuwa 64,000. Ƙarin ɗalibai abu ne mai kyau in akwai malaman da za su koyar da su, kuma malaman na cikin masu tafiya.

Idan babu likita, wa ke duba mutane a ƙauye?

Wanda jama'a ke kira malamin asibiti, ko ma su ce masa likita: jami'in lafiyar al'umma da ya fito daga makarantar koyon fasahar kiwon lafiya. Su ne ƙashin bayan matakin farko a Arewa. Asali an horar da su ne su riƙa shiga gari, gida-gida, suna wayar da kai da bin yaran da ba a yi wa riga-kafi ba. Rashin nas da ungozoma ya zaunar da su a cikin asibiti suna aikin da ba nasu ba. A 2014 gwamnati ta yarda da gaskiyar da ke ƙasa, ta fitar da manufar da ta ba su damar yin wasu ayyukan, kamar karɓar haihuwar da ba ta da tangarɗa, bayan ƙarin horo.

Manufar ta ceci rayuka, amma tana da iyaka. Matar da jijjiga ta kama, ko jini ya ɓalle mata, ko naƙuda ta yi tsawo, tana buƙatar wurin da ake tiyata da ƙarin jini, da motar da za ta kai ta cikin dare. Kuma da yawa daga cikin waɗanda ke riƙe da waɗannan asibitoci 'yan sa-kai ne ko na wucin gadi, sun yi shekaru suna jiran a ɗauke su, alhali duk lokacin da aka yi tantancewa sai an gano sunayen ma'aikatan bogi a takardar albashi.

Me ya sa ake ta nanata maganar ma'aikata mata?

Domin a yawancin garuruwanmu mace ba za ta yarda namiji ya karɓi haihuwarta ba, mijinta ma ba zai bari ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 na haihuwa ne kawai ƙwararre ke karɓa a Najeriya, a Arewa maso Yamma kuwa bai kai kashi 20 ba. Binciken ya ƙiyasta mata 512 na rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000.

A 2009 aka ɓullo da shirin tura ungozomomi karkara, tarayya da jiha da ƙaramar hukuma kowa zai biya wani kaso na alawus, ƙaramar hukuma ta ba da masauki. Tarayya ta fi ƙoƙarin biyan nata, sauran suka riƙa saɓawa, ungozomomin da aka kawo daga nesa suka tattara suka koma. Darasin a fili yake: wadda za ta zauna ita ce 'yar garin. Shi ya sa shirin da Birtaniya ta tallafa daga 2012 a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe ya bi ta wata hanya, ya ɗauko 'yan mata da matan aure daga ƙauyuka da yardar iyaye da mazaje da masu gari, aka yi musu shekarar share fage don su cika sharuɗɗan shiga makarantar ungozoma, har da wurin renon yara a makarantun. Wanda ya hana 'yarsa karatu, sannan ya ce sai mace ce za ta duba matarsa, ya kamata ya zauna ya yi wa kansa wannan lissafin.

Me ya sa wanda aka tura ƙauye ba ya zama?

Babu gida, babu ruwa, babu makarantar da zai sa 'ya'yansa, alawus ɗin karkara kuma in akwai shi bai taka kara ya karya ba. Mai uwa a gindin murhu kafin wata ya zagayo an mayar da shi birni, sai ka ga asibitin cikin gari ma'aikata sun yi yawa har ana raba ranakun zuwa, na ƙauye mutum biyu ne. Yanzu ga rashin tsaro. An kashe masu riga-kafin shan inna a Kano a 2013. An sace ungozomomi biyu da nas ɗaya a Rann ta jihar Borno a 2018, aka kashe ungozomomin biyu. A sassan Zamfara, Katsina da Sakkwato akwai asibitocin da aka rufe don 'yan bindiga. Ba a yi wa ma'aikaci adalci ba in aka ce ya je inda hakimin garin ma ya ƙaura.

Yajin aikin nan da ba ya ƙarewa fa?

Kusan duk yajin aiki a kan alkawarin da aka sa wa hannu ne ba a cika ba. Shekara da shekaru alawus ɗin haɗari na ma'aikacin lafiya naira 5,000 ne a wata, da shi aka yi Ebola a 2014, da shi aka shiga korona, sai a ƙarshen 2021 aka sake duba shi. A 2021 ɗin likitoci masu neman ƙwarewa sun shafe wata biyu suna yaji.

Amma akwai wani ciwon a cikin gida. Likitoci na da ƙungiyarsu da tsarin albashinsu. Nas-nas, masu harhaɗa magunguna, ma'aikatan ɗakin gwaji da sauransu suna da nasu, da gamayyarsu ta JOHESU. In an ƙara wa wannan ɓangare, wancan ya ajiye aiki. Ƙarƙashin rikicin akwai tambayar wa ya cancanci ya shugabanci asibiti. Likitoci sun ce su ne, domin su ke ɗauke da alhakin majinyaci. Sauran sun ce gudanarwa ilimi ne mai zaman kansa. An kafa kwamitin Yayale Ahmed a zamanin Jonathan don a sasanta, ya miƙa rahoto, rikicin yana nan. Gaskiyar da ɓangarorin biyu ba sa son ji ita ce ƙwarewa a tiyata ko a haɗa magani ba ta koya wa mutum tsara kasafi, sayen kaya da tafiyar da ma'aikata dubu. Ko waye za a naɗa, a horar da shi, a ba shi ma'auni, in ya gaza a sauke shi.

Me ya sa wasu ma'aikatan ke wulaƙanta majinyata?

Babu uzuri ga wadda za ta zagi mace a kan gwiwa. Wannan ɗabi'a na cikin abin da ke sa mata su gwammace haihuwa a gida, kuma ya kamata a hukunta mai yi. Sai dai in nas ɗaya ce ke kula da ɗaki cike da gadaje tun magariba har safiya, da fitilar waya, ta fi wata biyu ba albashi, to tsayawa a kanta kawai barin jaki ne ana dukan taiki.

Inshorar lafiya za ta fitar da mu?

Dokar 2022 ta maye gurbin tsohon tsarin da aka ƙaddamar a 2005, ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusu na marasa galihu. Jihohi sun kafa nasu hukumomin. Kano ta yi tata dokar a 2016, aka gabatar da ita a matsayin taimakekeniya bayan tuntuɓar malamai, domin jama'a su natsu da halaccinta. Har yanzu mafi yawan masu rajista ma'aikatan gwamnati ne da ake cira daga albashinsu. Manomi da ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu, waɗanda su ne mafi rinjaye, suna waje. Kuma kati ba ya magani: in mai kati ya je aka ce babu magani ya tafi kemis, ba zai sabunta ba.

Tsofaffi, naƙasassu da masu taɓin hankali, wa ke kula da su?

Iyali, kuma a cikin iyali mata. Mun daɗe muna alfahari da cewa ba ma kai iyayenmu gidan gajiyayyu, kuma abin alfahari ne. Amma gwamnati ta fake da wannan ta nannaɗe hannu. 'Yar da ta bar sana'arta tana juya mahaifin da ya shanye, tana wanke shi, ba ta da horo, ba ta da tallafi, ba mai leƙo ta daga asibiti. Gidajen gandu da a da ake raba wannan nauyi suna watsewa, samari sun tafi birni. Abin takaici, a 'yan shekarun nan 'yan Najeriya masu yawa sun tafi Birtaniya aikin kula da tsofaffin can, sana'ar da a gida ba a ma san ta a matsayin aikin albashi ba.

A takarda an motsa. An sa hannu a dokar cibiyar kula da tsofaffi a 2018. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci ta zo a Janairun 2019, ta ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara hanyar shiga, wa'adin ya cika, asibitoci da yawa har yanzu matakala ce. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958. Amma asibitocin ƙwaƙwalwa ƙalilan ne, irin su na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, da Dawanau a Kano. Gidajen marin da aka bankaɗo a Rigasa da wasu garuruwa a 2019, aka tarar da mutane cikin sarƙa, sun cika ne domin iyaye ba su da wani wurin da za su kai 'ya'yansu.

Sarakuna da malamai suna da ta cewa a nan?

Tarihin shan inna ya isa amsa. A 2003 aka dakatar da riga-kafi a Kano da wasu jihohi saboda zargi, zargin da gwajin maganin da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano a 1996 ya share wa hanya, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje. Ba a shawo kan lamarin ba sai da aka koma ga masu gari. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, dagatai da masu unguwanni suka shiga aikin, a Agustan 2020 aka ayyana ƙasar ta rabu da cutar ta asali. Sai dai annobar mashaƙo da ta fi tsanani a Kano a 2023 ta nuna cewa riga-kafin yau da kullum, wanda ke buƙatar ma'aikaci a asibiti kowane mako, bai samu irin wannan kulawa ba.

In tallafin ƙasashen waje ya tsaya fa?

Mun ɗanɗana a farkon 2025, lokacin da Amurka ta dakatar da ayyukan hukumarta ta USAID. Maganin ƙanjamau, na tarin fuka, gidan sauro, abincin yara masu tamowa, da albashin ma'aikata da yawa, duk sun dogara da kuɗin waje. Gwamnatin tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya don toshe giɓin. Jihar da ta bar wa baƙi ciyar da yaranta masu tamowa ya kamata ta fara sa layin wannan a kasafinta tun yanzu.

Ni da ba ni da muƙami, me zan iya yi?

Ka fara da gano ko asibitin mazaɓarku yana cikin masu karɓar kuɗin asusun nan na BHCPF, da kuma su waye 'yan kwamitin ci-gaban mazaɓa. Kana da damar tambayar nawa ya shigo a wannan zangon da abin da aka saya. Ku nemi a liƙa sunayen ma'aikatan da aka turo da jadawalin aikinsu a bango, domin a san wanda ke karɓar albashi da sunan garinku ba ya zuwa. In an turo muku ungozoma, ku samar mata ɗaki mai ƙofa da ruwa kusa da asibiti. Ku yi magana da direbobin tasha a samu wanda za a buga wa waya in naƙuda ta zo cikin dare, ku kuma san masu ba da jini a cikinku. Lokacin zaɓe in ɗan takara ya ce zai gina muku asibiti, ku tambaye shi ma'aikata nawa zai ɗauka, kuma daga wane asusu za a biya su.